Giyar inabi

giyar inabi (suna, mace, jam'i: giyoyin inabi). Abin sha mai sa maye da ake samu idan ruwan inabi ya ruɓa, yis ya mai da sukarinsa barasa. Ja takan fito idan an tsima ruwan tare da ɓawon baƙin inabi. Fara kuwa sai an tace ɓawon tukuna. Musulunci ya haramta shanta.

A ƙasashen Bahar Rum, inda bazara ke da zafi, inabin kan tudu ya fi daraja. Misali kwarin Bika'a na Lebanon, mai tsayin kusan mita 1,000 daga teku: rana takan nunar da 'ya'yan, sanyin dare kuma ya hana tsaminsu gushewa, abin da ke hana giyar yin lami. Damina ba ta faɗowa lokacin girbi, don haka ruɓewa ba ta cika damun gonaki ba. Ana tsinka daga Agusta zuwa Oktoba, yawanci da hannu. Limaman Katolika ne suka kafa masana'antar Ksara kusa da Zahle a 1857, kuma har yau a kogunan ƙarƙashin ƙasa ake ajiye giyarta.