Wutar Birki a Gaban Direba: Daga Zamanin 504 Zuwa Motar Kwamfuta

A motoci da yawa masu tsallaka kogi daga Gaweye zuwa cikin Yamai, in ka leƙa gaban direba za ka ga 'yar wuta ruwan ɗorawa mai haruffa uku, ABS, tana kunne tun daga tashi har sauka. In ka yi magana a ce maka: "Malam, haka ta zo, ai ba ta hana tafiya." Ni kuwa ina ganin tarihin wannan wuta ya shafi iyaye da malamai fiye da yadda muke zato.

A 1970 aka buɗe gadar Kennedy, wadda ta haɗa Harobanda, hayin da Gaweye take, da sauran birnin. Motocin wancan zamani, irin su Peugeot 404 da 504, birkinsu ba shi da wani sirri: ka taka, mai ya bi bututu ya matse ƙafafu. Bakanike da kunne da hannu yake gano ciwo, yaron gareji kuma da kallo yake koyo, ko bai taɓa shiga aji ba.

Canji daga Jamus ya taso. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ABS mai aiki da lantarki. Kowace ƙafa tana da 'yar na'ura mai ƙidayar juyinta. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, ƙafa ta nemi ƙamewa, kwamfuta za ta riƙa saki tana matsawa sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, don sitiyari ya ci gaba da juya motar. A 1995 suka ƙara ESP, wanda Toyota ke kira VSC. Shi yakan gane mota ta fara sulɓewa a kwana, ya kama ƙafa ɗaya don ya daidaita ta. Ya bazu ne bayan 1997, lokacin da wata ƙaramar Mercedes ta kife a gwajin kauce wa dabba a Suwidin. Daga Nuwamban 2014 ya zama dole a kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai.

Waɗannan motoci su ne suka iso mana bayan sun tsufa, shekara da shekaru ta tashar Kwatano, daga baya kuma ta Lome da Burkina bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023. Sun tarar da ƙura da yashi da ramuka, ga ambaliya irin ta 2020 da ta cinye unguwannin hayin kogi. Na'urar ƙidaya a jikin ƙafa take, don haka laka kan toshe ta, waya ta tsinke, ko boris ya ci ya ɓata lissafin. Batir mai rauni ma kan kunna wutar. Da yake ESP da ƙidayar ABS yake aiki, ciwo ɗaya kan tayar da wuta biyu.

Direbobi suna da hujja guda: a kan yashi ko tsakuwa, mota mai ABS kan ƙara 'yar tazara kafin ta tsaya. Amma a kan kwalta, ranar da ɗalibi ya faɗo titi da gudu, iya kauce masa ana cikin birki shi ne bambanci.

Ga abin da ya kamata duk mai sa 'ya'yansa a mota ya sani. Idan an murɗa makulli, wutocin su kama, su mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, a yi zargin an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Ruwan ɗorawa na nufin birki na nan amma kariyar ta tafi, a nemi gareji. Ja kuwa, in an sauke birkin hannu ba ta mutu ba, a duba man birki: ko yana zuba, ko takalman birki sun cinye. Idan ja da ruwan ɗorawa suka haɗu, a tsaya.

Gyaran gaskiya yana farawa da jona na'urar bincike a kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta tun 1996, Turai ta biyo baya. Na'urar lamba take bayarwa da bayani cikin Faransanci ko Turanci. Sai mai gyara ya karanta, ya auna wayar, ya wanke ko ya sauya abin da ya mutu, sannan ya goge lambar. Wanda ya goge bai gyara ba, ya rufe tukunya ne tana tafasa.

Nan ne maganar ta dawo gidajenmu. A da, yaron da karatu ya gagara gareji ake kai shi, ya kuma zama gwani. Yau wanda bai iya karatu da lissafin lantarki ba, iyakarsa canza kaya da ka, ko kashe wuta don mai mota ya ji daɗi. Iyaye, in yaro na son sana'ar, ku bar shi ya haɗa ta da makaranta. Malamai kuma, darasin batir da waya da kuke koyarwa a aji, ku nuna wa ɗalibai cewa da shi ake gyaran birkin motar da ke kai ƙannensu gida.