Wa Ya Ci Birnin Zamfara, Baƙo Ko 'Yan Gida?

Kusa da Isa, arewa da Shinkafi, akwai kufan Birnin Zamfara, fadar da sarakunan Zamfara suka koma bayan sun bar Dutsi ta ƙasar Zurmi. Birni ne mai ganuwa da dakaru, wanda a farkon ƙarni na 18 har Kabi ya taɓa karya wa lago. Amma wajen 1762 zuwa 1764, Sarkin Gobir Babari ya ci shi, Sarkin Zamfara Maroƙi ya tsere Kiyawa, gabas da inda Ƙaura Namoda take a yau.

Labarin da aka saba ji na cin amana ne. Gobirawa sun gangaro daga arewa saboda matsin Abzinawa, suna neman ƙasar noma. Aka saukar da su a gonar alƙalin Zamfara, wurin da ya zama Alƙalawa. Babari ya aurar wa Maroƙi 'yar'uwarsa, zumunta ta ƙullu, sai da baƙo ya yi ƙarfi ya juya wa mai masauki.

Duk wannan ya faru, amma ni bai gamsar da ni ba. Baƙon da ya shekara da shekaru yana gina gari a ƙofar gidanka ba ɓoye yake ba. Ina sarakunan yaƙi? Ina masu garuruwa da ya kamata su kawo ɗauki? Abin da ya biyo baya shi ke ba da amsa. Da birnin ya faɗi, Zamfarawa ba su taru wuri ɗaya sun ƙwato shi ba. Kowane gari ya kama gabansa, gidan sarauta ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. A ganina, ƙasar ta riga ta tsage tun Babari bai ɗaura sirdi ba, manyan Maroƙi sun janye jiki daga gare shi, Gobirawa suka tarar da bango mai ɓaraka.

Marigayi Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Sakkwato, a kan tashi da rushewar daular Zamfara ya rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya a 1977, kuma abin takaici ne yadda 'ya'yanmu ba su san da kundin ba.

Alƙalawa kanta, fadar Gobirawa, ba ta cika shekara hamsin da nasarar Babari ba. A 1808 dakarun jihadi suka ci ta, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, kuma cikin jagororin yaƙin akwai Namoda, Ba'alibe daga ƙasar Zurmi.