Tsirkiya ta Bakwai: Yadda Neman Kaurin Sauti Ya Ƙara wa Jita Tsawon Wuya

Duk wanda ya taɓa duba jita mai tsirkiya bakwai a shagunan intanet zai ga wata lamba a cikin bayanin kowacce: 25.5, ko 26.5, ko 27. Inci ne ake nufi, wato tsawon ɓangaren tsirkiyar da ke girgiza idan an kaɗa ta. Bambancin inci ɗaya da rabi ba ya kama da abin damuwa, amma shi ne ke raba jitar da za ta ba da sauti mai kauri kuma tsaf da wadda tsirkiyarta za ta riƙa lilo kamar igiyar shanya. Mai ƙaramin ƙarfi da ya tara kuɗi wata da watanni, in bai san ma'anar wannan lamba ba, yana iya sayen abin da ba zai yi masa aiki ba. Matsalar kuwa ta girmi jitar lantarki da ɗaruruwan shekaru.

Abubuwa uku da ke juya sauti

A 1636 wani malamin Faransa mai suna Marin Mersenne ya wallafa ƙa'idojin girgizar tsirkiya. A taƙaice, abubuwa uku ne ke sa sauti ya yi kauri ko ya sirance: tsawon tsirkiya, nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Doguwa ta fi gajera kaurin murya, mai nauyi ta fi siririya, sakakkiya kuma ta fi ɗaurarriya. Wanda ya san bambancin muryar kuntigi da ta garaya ya riga ya san wannan da kunnensa.

Tsirkiya mafi kauri a jita mai shida, wadda ake kira E, tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa. Ta bakwai, B, kusan sau 62. Masu son sauka ƙasa sosai sukan mayar da ita A, sau 55. To ga inda gizo ke saƙar: ƙarfin ɗauri ba ya raguwa daidai da saukar sauti, ya fi shi saurin faɗuwa. In ka sassauta tsirkiya daga B zuwa A, ka zubar da kusan kashi 21 cikin ɗari na ɗaurinta. Sakakkiyar tsirkiya tana bugun ƙarafan wuyan jita, kuma in an kaɗa ta da ƙarfi sautin kan ɗan haura sama kafin ya dawo inda ya kamata.

Sai ka ce, ai sai a sa mai kauri. Haka ne, amma da iyaka. Tsirkiya in ta yi kauri da yawa ga tsawonta, takan fara ɗabi'ar sandar ƙarfe. Ƙananan sautukan da ke rakiyar babban sautin sai su kauce daga inda ya dace, kunne ya ji abin ya dagule. Dalilin kenan da ya sa babban fiyano na dandalin wasa ya fi ƙaramin na ɗaki daɗin ƙananan sautuka: tsirkiyoyinsa sun fi tsawo. Saura hanya ta uku, ƙara tsawo.

Tun kafin lantarki

A ƙarshen ƙarni na 16 makaɗan Italiya sun yi karo da wannan matsala. Tsirkiyoyinsu na hanjin tumaki ne, masu kaurin cikinsu kuma ba su da amo. Sai suka ƙera theorbo, wani abin kiɗa mai ƙarin wuya dogo domin tsirkiyoyin ƙasa kaɗai, har wasu kan kusa kai mita biyu. A Ingila kuma, a wannan zamanin, an yi orpharion, wanda aka karkata ƙarafan wuyansa domin tsirkiyoyin ƙasa su fi na sama tsawo. Wajen 1660 aka fara naɗa siririyar waya a jikin tsirkiya, abin da ya ƙara mata nauyi ba tare da ta sandare ba. Wannan dabara ta rage buƙatar dogayen wuya, har yau kuma ita ake amfani da ita.

Ita kanta tsirkiya ta bakwai tsohuwa ce. A Rasha, Andrei Sychra ya yaɗa jita mai bakwai tun farkon ƙarni na 19, har ta zama jitar gida a ƙasar. A Burazil ta samu gurbi a kiɗan choro da samba, inda Horondino Silva ya shahara da ita har aka yi masa laƙabi da Dino Mai Tsirkiya Bakwai. A Amurka, kamfanin Epiphone ya ƙera wa makaɗin jaz George Van Eps irinta a 1938, don ya riƙa haɗa ƙananan sautuka da waƙa a lokaci guda. Su waɗannan da yatsu ko a hankali suke kaɗawa, don haka ɗan sakin tsirkiya bai dame su sosai ba.

1990 da abin da ya biyo baya

A 1990 kamfanin Ibanez na Japan ya fito da Universe tare da Steve Vai. Ita ce jitar lantarki mai dunƙulallen jiki da tsirkiya bakwai ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Tsawonta inci 25.5, daidai da na jita mai shida irin ta Fender. An ƙara tsirkiya, ba a ƙara tsawo ba. A sautin B abin ya yi daidai gwargwado.

Sai ƙungiyar Korn ta fitar da faifanta na farko a 1994 da irin wannan jita, ta kuma sauke dukkan tsirkiyoyin mataki guda, ta bakwai ta koma A. Matasa suka yi ca a kai. Daga nan aka shiga gasar sauka ƙasa a kiɗan metal. Meshuggah ta ƙasar Suwidin ta yi faifanta Nothing a 2002 da jita mai bakwai da aka sassauta ƙwarai, sannan a 2006 ta sake naɗar jitocin faifan da masu tsirkiya takwas. A nan an kusa shiga gonar jitar bas, wadda tsirkiyarta ta ƙasa ke girgiza sau 41 a daƙiƙa, kuma Fender ta ba ta inci 34 tun 1951. Ba yadda za a yi inci 25.5 ya ɗauki wannan kaya.

Lissafin a fili yake. Da tsirkiya iri ɗaya a sauti iri ɗaya, inci 26.5 yana ƙara ɗauri da kashi 8 cikin ɗari a kan 25.5, inci 27 kuma da kashi 12. In kana son A ta ji a hannu kamar yadda B ke ji a 25.5, sai ka kai wajen inci 28.6. Shi ya sa kamfanoni suka fara miƙa wuya: Schecter ta riƙe 26.5 a yawancin masu bakwai ɗinta, ESP ta yi wa Stephen Carpenter na Deftones mai inci 27, Ibanez ma ta fito da jerin RGD mai 26.5.

Amma fa tsawo ma yana da kuɗinsa. Tazarar ƙarafan wuya na ƙaruwa, yatsu su sha miƙewa, siraran tsirkiyoyin sama kuma su yi tauri wajen lanƙwasawa. Nan aka koma ga dabarar orpharion. Ralph Novak ya yi rajistar mallakar jita mai karkatattun ƙarafa a Amurka a 1989, kuma bayan wa'adin rajistar ya ƙare kamfanoni da yawa suka shiga yi. Yau za ka ga jita mai inci 25.5 a tsirkiyar sama, 27 a ta ƙasa.

Yadda farashi ya sauko

Da farko mai son dogon wuya sai ya je wajen maƙerin da ke yin ɗaya-ɗaya, ko ya sayi mai tsada. Dalili shi ne sauya tsawo yana nufin sabon wuya, sabon lissafin wurin kowane ƙarfe, da sabon wurin zaman gadar tsirkiya. Kamfani ba zai yi wannan ɗawainiya don mutum ɗari ba. Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko, injinan sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda sauya musu awo bai wuce sauya zane ba. Na biyu, komawar ƙera jita masu sauƙin kuɗi zuwa Koriya ta Kudu, daga baya Indonesiya da Sin. Sunaye irin su Agile a Amurka da Harley Benton na shagon Thomann a Jamus sun sayar kai tsaye ta intanet, ba dillali a tsakani. Har Jackson ta sa inci 26.5 a JS22-7, wadda ke cikin jerinta na masu koyo.

To me mai saye zai ɗauka daga wannan tarihi? Ka fara sanin sautin da za ka zauna a kai kafin ka duba farashi. In B ne, 25.5 ta wadatar. In A ne, 26.5 ko 27 za ta fi kwanciya a hannu. In za ka gangara G ko ƙasa da haka, nemi 27 zuwa sama, ko mai karkatattun ƙarafa. A jita mai araha kusan komai ana iya sauyawa daga baya: tsirkiyoyi, maɗaukan sauti, maɗauran tsirkiya. Tsawon wuya kuwa yawanci da shi za ka zauna, don haka shi ne lambar da ya kamata ka fara dubawa.