Svalbard da Tarihin Hotunanta Daga Sama

Svalbard tarin tsibirai ne a can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan, Willem Barentsz, ya riska a shekarar 1596. Babban garinsu, Longyearbyen, asalinsa zangon mahaƙa kwal ne da attajirin Amurka John Longyear ya assasa a 1906, tun gabanin yarjejeniyar 1920 ta danƙa wa ƙasar Norwe mulkin yankin.

Da yake akasarin ƙasar nan dusar ƙanƙara da kogunan ƙanƙara sun lulluɓe ta, ga tsananin sanyi, ga farin beyar mai farautar mutum, sai ya zamana sanin haƙiƙaninta bai samu ga ma'abota ilmi ba sai da suka dube ta daga sama. A 1936 jiragen saman Norwe suka ɗauki dubban hotunanta, waɗanda har yau su ne mizanin da ake gwada sababbi da shi. Bayan an harba tauraron ɗan'adam na Landsat a 1972 kuwa, aka samu ikon maimaita duban shekara bayan shekara. Duk wanda ya jera tsohon hoto da sabo zai ga bakin ƙanƙarar ya ja da baya, ya bar tsakuwa da laka, lamarin da ya isa ya tayar da hankalin mai tunani. A hoton rani, garin kansa ɗan zirin gidaje ne cikin kwari tsakanin duwatsu, ruwan narkewa kuma yana kwarara cikin teku, ya rine gaɓar da launin ƙasa.

Sai dai daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta hudowa a can, saboda haka aka koma ga taurari masu aiki da rada, irin su Sentinel-1 na Turai da aka harba a 2014, waɗanda duhu ko gajimare ba ya shamakance su.

Wata falalar garin ita ce matsayinsa a daraja 78 ta arewa, inda tauraron da ke kewaya duniya ta kan maƙurarta yake bayyana a dukkan zagayensa goma sha huɗu na yini. Wannan ne dalilin kafa tashar SvalSat a 1997 bisa tudun Platåberget, inda fararen ƙubbobi fiye da ɗari suke karɓar hotunan sassan duniya daban-daban, a aika da su babban yankin ƙasar Norwe ta wayar ƙarƙashin teku.