Cangawan Bana: Tarihin Baka, Giginya da Harshen da Aka Bari

1. Gabatarwa

Garin Bana yana ƙasar Gaya, cikin jihar Doso, a yankin da Dallol Foga ke haɗuwa da Dallol Mauri kafin su gangara kogin Isa. Wannan maƙala tana duba yadda sanin ƙasa da itatuwa ya wanzu a bakin mutanen wurin bayan sun bar harshen kakanninsu, da yadda rubuce-rubucen masu bincike suka ɗauki wannan sani gutsure-gutsure, da kuma abin da haka ke nufi ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci.

2. Cangawa da harshensu

Cangawa, waɗanda ake kira Kyangawa a Najeriya, su ne tarihin baka yake ɗauka a matsayin mazauna na fari a Bana da Yelu da Gaya. Harshensu, wato Canganci, na cikin dangin harsunan Mande na gabas, ɗan uwan Boko da Busa da Shanga. Lokacin da zuriyar Askiyawan Songhai suka karɓi sarautar Gaya, Cangawa suka riƙe matsayinsu na masu ƙasa, masu kula da al'adun da suka shafi gona da daji. Olivier Walther ya yi nazarin labaran asalin ɓangarorin biyu a wani aiki da ya fito a 2012.

Yarjejeniyoyin iyaka da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, tare da tsarin mulkin Faransa a Dahome, sun raba Cangawa tsakanin ƙasashe uku: Nijar, Najeriya da Benin ta yau. Fatauci da auratayya da yaɗuwar Musulunci suka sa mutanen Bana da Yelu suka koma Hausa, na Gaya kuma suka koma Dandanci. A 1951 Jacques Bertho ya buga kalmomin Canganci tare da na wasu harsunan Mande uku a mujallar IFAN ta Dakar. Daga baya Ross Jones, wanda ya daɗe yana aiki kan Boko da Busa, ya tarar harshen na raye ne kawai a wasu ƴan ƙauyuka, galibinsu wajen Illo, cikin jihar Kebbi.

3. Giginya da gishiri

Abu biyu ne suka sa aka san wannan yanki: gishirin Foga da giginyar Dallol Mauri. Heinrich Barth ya ratsa kwarin Foga a 1853, a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma bayyana yadda ake tace ƙasa mai gishiri a dafa ruwanta. Dahuwar tana cin itace mai yawa, saboda haka sana'ar gishiri da halin daji ba su rabuwa.

Giginya kuwa kusan babu abin yarwa a jikinta. Ana tsaga gangar jikinta a yi azara, wadda gara ba ta saurin ci. Ana saƙa da ganyenta. Ana shan ƴaƴanta. Ana binne ƙwallonta a sami muruci, wanda mutanen Gaya ke ce wa mirici, a dafa a kai kasuwa. Kowane mataki na wannan aiki yana da kalmarsa da lokacinsa da ƙa'idarsa. Kirarin nan na «giginya, na nesa ka sha inuwarki» shi kansa bayani ne kan siffar itaciyar.

Wannan sani ba a lakkol ake koyar da shi ba. Tsofaffi mata masu gatana da dare, mafarauta, masu maganin gargajiya, maroƙa da dattawan da ke riƙe da tarihin gonaki, su ne malamansa, kuma babu hukumar da ke biyan su albashi. A cikin gatana yaro ke fara jin cewa tsamiya da kuka mazaunin iskoki ne, ba a sare su da garaje. A bakin dattijo yake sanin wane fadama ne na wace zuriya.

4. Yadda rubutu ya rarraba sanin

Masu ilimin tsirrai sun tattara sunaye. J. M. Dalziel ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da Hausa a 1916. Peyre de Fabrègues ya fitar da jerin sunayen tsirran Nijar cikin manyan harsunan ƙasa a 1977, sannan ayarin Adjanohoun ya wallafa bincikensa kan magungunan gargajiya na Nijar a 1980. Amfanin waɗannan littattafai babba ne, amma abin da suka fi mai da hankali a kai shi ne suna da amfani, ba labarin da ke tafe da itaciya ba.

Masu tarihi kuma sun ɗauki murya. An kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, da goyon bayan UNESCO da himmar Bubu Hama, ta zama CELHTO a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. Nazarin wancan zamani ya fi karkata ga asalin garuruwa da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe.

Ma'aikatan gandun daji su ma suna da nasu tsarin. Tun zamanin Turawa aka keɓe dazuzzuka irin su Goru Basunga kusa da Gaya, giginya kuma ta zama itaciyar da ba a sarewa sai da izni, ko da a gonar mutum take. Sai a shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwis, aka soma mai da kula da giginya hannun ƙauyuka. A 2004 aka sa Dallol Mauri cikin jerin Ramsar na wurare masu dausayi.

Ke nan sunan itaciya yana wani littafi, tarihin gari yana wani faifai, dokar sara tana wani ofis, alhali a bakin mai labari abu guda ne.

5. Misalin harsunan Gelik

Masu harshen Gelik sun fuskanci irin wannan matsala. A Ayalan, tsakanin 1937 da 1939, hukumar tattara al'adun gargajiya ta sa ƴan makaranta wajen dubu 50 suka rubuta abin da suka ji daga iyaye da maƙwabta: labarai, sunayen gonaki, magungunan tsirrai. A Sikotilan an buɗe cibiyar ɗaukar irin waɗannan muryoyi a jami'ar Edinbara a 1951. Darasin shi ne, mai tattarawa ɗan gari ne, kuma an rubuta labari tare da wurinsa.

6. Kammalawa

Nijar ta soma yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa a farkon shekarun 1960, ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, babu Canganci a ciki, a 2025 kuma aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Saboda haka duk abin da za a ceto daga gadon Cangawan Bana, da Hausa za a rubuta shi.

Abu uku ne ya kamata a yi. Na ɗaya, a ɗauki maganar masu labari a gindin itaciyar ko a bakin fadamar da ake zance a kai, a rubuta ta da karin harshen wurin ba tare da an mai da ita Kananci ba, a kuma biya su ladan aikinsu. Na biyu, a tara sunayen wurare da na zuriya da na tsirrai waɗanda ba su da ma'ana a Hausa ko Dandanci, a gwada su da Cangancin wajen Illo, domin a irin waɗannan kalmomi ne tsohon harshe ya kan bar sawunsa. Na uku, a mai da abin da aka tara littattafan karatun manya, a mayar wa ƙauyukan da suka bayar. Manomin da ya ga kalmar mirici a shafin farko zai gane cewa karatun nasa ne. Aikin yana bukatar hanzari, domin dattawan da ke riƙe da wannan sani suna ƙarewa.