Mauser Schnellfeuer: Ƙaramar Bindigar Da Takunkumi Ya Haifa

A yau tarihinmu zai leƙa Jamus, Sifen da ƙasar Sin, domin jin yadda aka yi ƙaramar bindigar hannu ta koma mai ɓarin wuta kamar mashin-gan, da kuma abin da ya hana ta cika burin masu ƙera ta.

A shekarar 1896 kamfanin Mauser da ke garin Oberndorf a Jamus ya fara fitar da bindiga mai suna C96, wadda wasu 'yan'uwa uku 'yan gidan Feederle suka zana. Ba ta yi kama da sauran ba. Gidan harsashinta yana gaban kunama ne, ba cikin mariƙi ba, yana cin harsashi goma. Mariƙin kuwa zagaye yake kamar ƙotar tsintsiyar Bature, har Turawan Ingila suka yi mata laƙabi da hakan. Kubenta na katako ne, idan aka ɗaura shi a bayan mariƙi sai ya zama gindin da ake dannewa a kafaɗa. Da irinta Winston Churchill ya shiga yaƙin Omdurman a Sudan a 1898, saboda ciwon kafaɗa ya hana shi riƙe takobi. Amma tasa harsashi ɗaya take fitarwa duk jan kunama ɗaya.

Sauyin daga Sin ya taso. A 1919 manyan ƙasashe suka sa wa Sin takunkumin makamai, lokacin da madugan yaƙi ke yagar ƙasar kowa da rundunarsa. Manyan bindigogi suka yi wuyar samu, ƙananan na hannu kuwa suka ci gaba da shiga. To, ga bindiga mai sunan ƙarama, amma da an ɗaura mata kube ta zama ta kafaɗa. Kasuwa ta buɗe. Maƙeran Sifen, irin su Astra da Beistegui, suka kwaikwaye ta, kuma a ƙarshen shekarun 1920 suka riga mai asalin abin fitar da mai harbi ba tsayawa. Mauser ya ga ana cin kasuwarsa da kayansa, sai ya mayar da martani. Samfurin da ya tsaya shi ne na injiniya Karl Westinger a 1932, wanda aka sani da Schnellfeuer, wato "harbi da sauri".

A gefen hagunta akwai ɗan maɓalli mai haruffa biyu: N na harbi ɗai-ɗai, R na ɓarin wuta. Gidan harsashin ya zama na cirewa, mai cin 10 ko 20, harsashin kuma mai kaurin milimita 7.63. Saurinta ya kai kusan harsashi 900 zuwa 1,000 a minti guda. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: harsashi 20 ba su kai daƙiƙa biyu ba sun ƙare.

Nan gizo ke saƙa. Bindigar ba ta da nauyin da zai danne bugun da take yi, kuma bututunta yana can sama da hannun mai riƙo, don haka kowane harsashi sai ya ɗaga bakinta. Na farko ya nufi abin hari, na huɗu ko na biyar ya tafi neman tsuntsaye. Sojojin Sin suka samo dabara, suna kwantar da ita a gefe, sai ɗagawar ta koma shara daga wannan ɓangare zuwa wancan. A ganina wannan dabarar ita kanta shaida ce cewa ƙirar ta gaza, domin mai harbi ya haƙura da saiti ke nan.

Waɗanda suka biyo baya duk da wannan matsala suka yi ta kokawa. Stechkin ta Tarayyar Sobiyet, ta 1951, an sa mata na'urar rage sauri, ita ma da kube mai zama gindi, amma sojoji suka koka da girmanta. Beretta 93R ta Italiya kuwa aka ƙayyade mata harsashi uku kacal duk jan kunama, aka ƙara mata ɗan mariƙi a gaba don hannu na biyu.