Horon Hannu a Sana'ar Fiɗa: Daga Wanzaman Adar zuwa Likitocin Ƙwaƙwalwa

Sana'ar yanka jikin ɗan Adam domin neman lafiyarsa tana da wata mas'ala wadda ta dami ma'abotanta tun zamanin da, cikin kowace al'umma, ita ce: tun da yake hannu ba ya gwanancewa sai da maimaici, shi kuwa maimaici ba ya rabuwa da kuskure, to, jikin wa za a miƙa wa mai koyo ya yi kuskurensa na fari a kai? Larabawa, da suka ga amsar da duniya ta saba bayarwa, sai suka yi karin magana a kan mai koyon aski a kawunan marayu, wato waɗanda ba su da mai tsaya musu in an yanke su.

A Afala da sauran garuruwan arewacin Adar, kafin a san hanyar asibitin Tawa, aikin da ya shafi wuƙa da jini yana hannun wanzami ne, karaya da targaɗe kuwa suna hannun maɗori. Wanzami shi ke askin jariri ranar suna, shi ke tsagar gado, da kaciya, da ƙaho, da sakiya idan maruru ya nuna, da cire beli. Kuma saboda girman amanar da ke wuyansa har sarauta gare shi a fada, ta Sarkin Aska. Makarantarsa ita ce gidan ubansa. Yaro yakan fara da ɗaukar zabira da riƙe ƙoƙon ruwa, ya koyi wasa aska da wanke ƙaho, ya yi shekaru yana kallo ba a ce masa taɓa ba, sa'an nan a ba shi kan ƙanensa ko na wani yaron gida ya aske, uban yana tsaye a kansa; sai an ga hannunsa ya daina rawa ake barinsa ya yi tsaga ya aza ƙaho, kaciya kuwa ita ce ta ƙarshe, domin kuskurenta ba ya gyaruwa. Hikimar wannan tsari a fili take: an jera ayyukan daga mai sauƙin haɗari zuwa mai tsananinsa, yadda kuskuren farko zai faɗa inda gashi zai sake tsirowa ya rufe shi. Amma kada son abin gado ya hana mu faɗin gaskiya, jarirai da yawa sun halaka ta dalilin zubar jini da ruɓar miki bayan cire beli, alhali da an bar musu belinsu da ba abin da zai same su.

Shari'a ba ta bar wannan fage ba linzami ba. Ya tabbata cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, ya kuma biya mai ƙahon ladansa, sai sana'ar ta sami daraja. Ya kuma zo a hadisi cewa wanda ya shiga yin magani ba a san shi da iliminsa ba, lamuni yana kansa. A kan wannan ne fuƙaha'u suka rarrabe tsakanin gwani wanda ya yi aikinsa bisa ƙa'ida ƙaddara ta riga fata, da jahili wanda ya yi kasada da ran wani. Malaman wannan yanki sun kula da ɗibbu ƙwarai, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa risaloli a kan ciwon ido da basir. Sai dai iliminsu ya fi karkata ga magunguna da addu'o'i, wuƙa kuwa aka bar ta ga masu gadonta. Su kuma masu gadon, ga abin da ya kamata a yaba musu, sun san iyakarsu, aska tana tsayawa ne a fatar kai. Mutumin da raƙumi ya kayar ko sanda ta fasa masa kai, a wanke, a ɗaure, a yi tofi, a jira hukuncin Allah. Akwai al'ummun da suka ƙetare wannan iyaka, kamar mutanen duwatsun Aures a Aljeriya da Kisi na ƙasar Kenya, waɗanda suka daɗe suna kankare ƙoƙon kai ko huda shi bayan rauni.

Tunanin a koyi yanka a kan abin da ba ya jin zafi tsoho ne ƙwarai. A littafin Sushuruta na ƙasar Hindu, wanda ya girmi Musulunci da ƙarnoni, an umurci ɗalibi ya gwada wuƙarsa a kan duma da kankana da salkar ruwa, ya koyi ɗinki a kan ƙyalle da fata. Shi kuwa Abul Ƙasim Azzaharawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe maƙala ta talatin ta littafinsa Attasarif ga aikin hannu, ya zana surar kayan fiɗa kimanin 200 domin ɗalibi ya gani da ido, ya yi bayanin fashewar ƙoƙon kai da ruwan da ke taruwa a kan jarirai, ya kuma shardanta sanin tashrihi, wato yadda aka jera gaɓoɓi da jijiyoyi, kafin a ɗauki wuƙa, yana mai ba da labarin wani jahilin likita da ya tsaga kumburi a wuyan wata mace, ya yanke jijiya, jini ya zuba har ta cika a hannunsa.

Da Nasara suka shigo Adar a farkon ƙarni na 20, horon ya ƙaura daga zaure ya koma aji. Faransawa suka buɗe makarantar likita a Dakar a 1918, aka kafa asibitin Galmi a kudancin jihar Tawa a 1950, wanda a yau ake horar da likitocin fiɗa a cikinsa, jami'ar Yamai kuma ta fara yaye nata. Fiɗar ƙwaƙwalwa ita ta fi jinkirin isowa: Latunde Odeku ya assasa sashenta a Ibadan a 1962, daga baya Farfesa Samuila Sanoussi ya tsayar da ita a babban asibitin Yamai, Farfesa B. B. Shehu kuma ya jagoranci cibiyarta a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A nan ne tsohuwar mas'alar ta dawo da ƙarfinta, domin ƙwaƙwalwa ba ta da wurin da za a ce kuskure a cikinsa mai sauƙi ne. Kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba tana iya ɗauke wa mutum magana ko ta shanye masa ɓarin jiki.

Mafitar ta zo ne ta hanyar hoto. A 1971 aka fara ɗaukar kan majinyaci da na'urar sikana a Landan, wadda ke fitar da cikin kai yanki-yanki ba tare da an tsaga ba. Kwamfuta takan ɗora waɗannan yankuna bisa juna ta gina surar kan wannan mutum shi kansa, da ƙarin da ke ciki da jijiyoyin da suka kewaye shi, sa'an nan a yi ɗayan abu uku: ko a ƙera surar da roba a huda ta a gwada, ko a sa ta cikin na'urar kwaikwayo wadda mariƙinta ke turje wa hannu gwargwadon taurin nama, ta nuna jini idan an yi ɓarna, ta kuma ƙirga kurakuran ɗalibi, ko kuma a haska ta cikin tabarau na musamman, yadda likita zai dubi majinyaci a kwance ya ga surar cikinsa ta hau daidai bisa jikinsa. Da irin wannan tabarau aka yi fiɗar ƙashin baya a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 2020. Wannan hanya tana da aibinta, wanda masu tallarta ba su cika ambata ba: da zarar an buɗe ƙoƙo ruwa ya tsiyaye, ƙwaƙwalwa takan ɗan gusa daga mazauninta, sai hoton jiya ya saɓa wa naman yau, wanda kuwa ya dogara ga tabarau ya bar idonsa zai yanka inda bai nufa ba.

Ba duka horon ne ke bukatar dukiya ba. A manyan makarantu ma har yanzu ana sa ɗalibi ya kankare ɓawon ɗanyen ƙwai da injin huji ba tare da ya fasa tantanin ciki ba, ya ɗinke jijiyar fiffiken kaza a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya buɗe kan tunkiya. Ƙwai da kaza da kan tunkiya kuwa ba abin da za a aika Turai a sayo ba ne ga mutumin Adar. Daga cikin abin da ke kashe matasanmu a wannan babi akwai jinin da ke taruwa ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa daga babur, wanda ke ba da wa'adin sa'o'i kaɗan, alhali tsakanin Tawa da Yamai fiye da kilomita 500 ne, maganinsa kuma sau da yawa huji ne da fitar da gudan jinin, aikin da likitan fiɗa na gama-gari zai iya idan ya maimaita shi a kan abin gwaji har hannunsa ya saba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa, da attajiran Adar na gida da na ƙetare, su fara da ɗaki guda na gwajin fiɗa a birnin Tawa, mai injin huji da madubi da malami mai zuwa daga Yamai a kan kari. Tabarau ya biyo baya idan hali ya samu.